Bayani: Sauya shokazobar manyan motoci bayan ƙarewar garanti a Illela

Garin Illela na jihar Sakkwato, wanda ke da nisan sama da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, na ɗaya daga cikin manyan ƙofofin ciniki tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Nijar.

A nan ne babbar hanyar A1, wadda ta taso daga Legas ta biyo ta Ibadan da Ilorin da Kwantagora, ke ƙarewa, kafin a tsallaka zuwa Birnin Ƙonni a jihar Tawa.

Tireloli da gingimari da ke bin wannan hanya na ɗauke da shanu da albasa da wake zuwa kudu, su komo da siminti da hatsi da sauran kayan masarufi.

Daga cikin sassan da suka fi jin jiki a irin wannan zirga-zirga akwai shokazoba, kuma sau da yawa takan lalace ne a lokacin da garantin mota ya riga ya ƙare. Ga bayani kan yadda lamarin yake.

Mene ne aikin shokazoba?

Mutane da dama na ɗauka cewa shokazoba ce ke ɗaukar nauyin mota. Wannan aikin sifirin ne, ko kuma jakar iska a motocin da ke amfani da ita.

Aikin shokazoba shi ne kwantar da tsallen da sifirin ke yi bayan mota ta faɗa rami ko ta hau tudu.

A cikinta akwai mai da fistin. Idan taya ta yi sama ko ƙasa, fistin kan tura man ta wasu ƙananan ƙofofi, sai ƙarfin girgizar ya koma zafi ya fita ta jikin ƙarfen.

Ta haka ne taya ke zama manne da ƙasa. Tayar da ke tsalle kuwa ba ta jin birki ko sitiyari yadda ya kamata, abin da ke da haɗari ga motar da ta yi lodin tan talatin.

Manyan motoci da yawa na kuma da wasu ƙananan shokazoba a ƙarƙashin kan mota, domin rage wa direba jijjiga.

Me ke sa ta lalace da wuri?

Abu na farko shi ne lodi fiye da kima. A shekarar 2005 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta kafa ƙa'ida mai lamba 14 da ta taƙaita nauyin da kowace ƙafar mota za ta ɗauka, kuma ECOWAS ta amince da irin wannan tsari a 2012. Sai dai aiwatar da ƙa'idojin ya daɗe yana tafiyar hawainiya a yankin.

Na biyu shi ne ramuka da gargadar hanya, waɗanda ke sa fistin aiki babu hutu.

Na uku kuma yanayi. A watannin Maris da Afrilu zafi a yankin Sakkwato kan haura digiri 40, yayin da ƙurar hunturu ke cinye robar da ke hana mai zuba.

Yaya ake gane ta mutu?

Alamun da aka fi sani sun haɗa da mai da ke gangarowa a jikinta, da ƙara a kan gargada, da kan mota da ke dunguri idan an taka birki.

Kazalika taya kan ci wuri-wuri, wani gefe ya lotsa wani ya tashi, kuma sifirin kan riƙa karyewa a kai a kai.

Ɗan danshin mai da ƙura ta manne masa a saman shokazoba ba lalacewa ba ne. Zubar da ta jiƙa jikinta har ƙasa ita ce abin damuwa.

Akwai kuma gwajin zafi. Bayan mota ta yi tafiya a kan gargada, shokazoba mai aiki takan fi ƙarfen shasi ɗumi. Idan ɗaya ta yi ɗumi, 'yar uwarta ta ɗaya gefen kuma tana da sanyi, to mai sanyin ta daina aiki.

Wane garanti manyan motocin ke da shi?

Akasarin motocin DAF da MAN da Iveco da Mack da ke aiki a arewacin Najeriya na hannu ne, an shigo da su daga Turai ko Amurka bayan sun yi shekaru suna aiki. Irin waɗannan ba su da sauran garantin kamfani.

Waɗanda batun ya fi shafa su ne masu sayen sababbin motoci daga dillalai, musamman ƙirar ƙasar Sin irin su Howo, waɗanda kamfanin Dangote Sinotruk ke haɗawa a Legas.

Garanti yakan ƙare ne da cikar wa'adi ko cikar wani adadin kilomita, duk wanda ya riga zuwa. Motar da ke jigila tsakanin Illela da Legas na iya cinye kilomitocin tun kafin watannin su cika.

Bugu da ƙari, kamfanoni da dama na sanya shokazoba a jerin sassan da ke cinyewa da aiki, kamar taya da takalmin birki, saboda haka wa'adinta kan gaza na inji ko giya.

Lodin da ya wuce ƙa'ida, ko gyara a wajen garejin da kamfani ya amince da shi, na iya soke garantin baki ɗaya.

Idan garanti ya ƙare, ko akwai sauran dama?

Akwai hanyoyi uku, ko da yake babu wadda take tabbas.

Ta farko ita ce idan mai mota ya kai ƙorafi tun garanti na aiki, aka kuma rubuta. Takardar da ke nuna ranar ƙorafin da kilomitocin motar ita ce hujjarsa cewa matsalar ta riga ƙarewar wa'adi.

Ta biyu ita ce alfarma. Wasu dillalai kan ɗauki kuɗin kayan ko wani kaso daga ciki idan wa'adin bai daɗe da ƙarewa ba, kuma motar na da cikakken tarihin sabis a wurinsu. Wannan ganin dama ne, ba tilas ba.

Ta uku ita ce idan kamfanin da ya ƙera motar ya amsa cewa akwai aibi daga masana'anta, ya kira motocin domin gyara. A irin wannan hali akan sauya kayan kyauta ba tare da la'akari da garanti ba.

Me dokar Najeriya ta tanada?

A farkon 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanya hannu kan dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar CPC da aka kafa a 1992.

Dokar ta ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, tare da damar mayar da su cikin watanni uku idan sun gaza, domin a gyara, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa.

Wannan tanadi ya fi amfani ga sabuwar shokazobar da mai mota ya saya da kuɗinsa. Sai dai ba tare da rasit ba, da wuya ƙorafi ya yi nisa, kuma cinikin kayan gyara a kasuwanni da yawa na baka ne.

Hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, a ƙarƙashin tsarin SONCAP da ya fara aiki a 2005.

Ina ake samun kayan, kuma me ya sa suka yi tsada?

Kanikawan Illela kan nemi kaya ne daga Sakkwato, ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi a jihar Anambra.

Kayan kashi uku ne. Akwai sababbi daga sanannun kamfanoni irin su Sachs da Monroe da Koni, akwai na hannu da ake kira 'yan Beljiyam, akwai kuma masu araha da jabu waɗanda ake buga musu sunan da ba nasu ba.

Ta hannu na da matsala guda: ba a iya ganin abin da ya saura a cikinta. Hausawa dai na cewa araha ba ta ado.

Tun da kusan dukkan kayan daga waje suke, farashinsu na bin dala. Bayan sauyin tsarin canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500 a 2024.

Rufe iyaka ma ya taɓa masu motocin. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Motocin da suka yi watanni a tsaye babu ciniki, wa'adin garantinsu bai tsaya tare da su ba.

Me ya kamata a lura da shi wajen sauyawa?

Ana sauya shokazoba ne biyu-biyu, dama da hagu na ƙafa ɗaya, domin sabuwa da tsohuwa ba sa riƙe mota daidai.

Lambar kayan ta dace da ƙirar motar. Wadda tsawonta bai kai ba takan tsinke ko ta karya mazauninta, musamman a motoci masu jakar iska.

Ya kamata a sauya robobin da ke bakinta, a duba sifirin da kusoshi, sannan a yi ɗaurin ƙarshe bayan mota ta sauka a kan tayoyinta.

Daga nan sai mai mota ya adana rasit, ya rubuta ranar da aka yi aikin da kilomitocin da motar ta nuna. Da waɗannan ne zai koma wa mai shago idan sabuwar ta fara zubar da mai kafin watanni uku.