Daga Misalai Zuwa Karin Magana: Tarihin Sharhin Littattafan Hikima a Kudancin Katsina

Gabatarwa

A cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista akwai wasu littattafai da malamai suke kira littattafan hikima, watau Ayuba da Karin Magana da Mai Hadishi, wasu kuma sukan haɗa da Waƙar Waƙoƙi da wani sashe na Zabura. Mabiya ɗariƙar Katolika suna ƙara biyu a kai, su ne Hikimar Sulemanu da littafin Bin Sira. Zancen waɗannan littattafai yawanci a kan noma da rance da aure da riƙon harshe da mutuwa yake. Wannan lacca za ta bi sawun yadda suka iso hannun Hausawa Kirista na kudancin Katsina, musamman na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da irin sharhin da aka riƙa karanta su da shi, domin a ga abin da tarihin yake koya wa mai neman zaɓen sharhi a yau.

Yadda Littafin Ya Iso

Wanda ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa shi ne wani Bajamushe mai suna J. F. Schön, wanda ya biyo ayarin Kwara na shekarar 1841. Ya yi mafi yawan aikinsa a Ingila, da taimakon wani saurayi Bahaushe, Dorugu, wanda Barth ya tafi da shi can. Amma cikakken littafin bai fito ba sai a 1932, bayan aikin shekaru masu yawa da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi.

Fitowar littafi daban, isarsa ƙauye kuma daban. Tun da Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, gwamnatin Turawa ta taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. Sai a ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta sami ƙofa ta hanyar jinyar kutare, kamar a Babbar Ruga kusa da Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Daga baya ta kafa tasha a Malumfashi, a 1954 kuma ikilisiyoyinta suka zama ECWA. Limaman Katolika 'yan ƙungiyar Dominikan na Amurka su ma sun shigo lardin Sakkwato da na Katsina a shekarun 1950, suka kuma buɗe makarantar horar da masu koyar da addini a Malumfashi. Waɗanda suka fi karɓar saƙon su ne Maguzawa, manoma mazauna gidajen gona da ke warwatse tsakanin Malumfashi da Ƙanƙara da Funtuwa. Irin wannan shuka ce ta yi yaɗo har aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina a 2023, aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, ya zama bishof ɗinsa na farko.

Zamanin Sharhin Baka

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa littafin addini ba ya karanta kansa. Maƙwabtan waɗannan Kirista, watau Musulmi, sun saba da zaman tafsiri a watan azumi, inda mai jan baki yake jawo aya, malami kuma ya warware ta bisa Jalalaini ko Liya'ut Ta'awili na Abdullahi ɗan Fodiyo. Kirista Bahaushe na farko kuwa ya sami littafinsa, amma sharhi rubutacce da harshensa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya dogara a kai shi ne darasin da mai bishara ya kwafo a makarantun koyon Littafi Mai Tsarki irin ta Kagoro, ya zo ya maimaita wa jama'a da baki bayan an tashi daga gona.

Masu Turanci daga cikin fastoci sun sami littattafan sharhi daga waje. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na Matthew Henry, wani mai wa'azi na ƙasar Birtaniya da ya rasu a 1714. Daga baya kuma ga ƙaramin sharhin Derek Kidner a kan Karin Magana, na shekarar 1964. Ba wanda zai raina ilmin waɗannan malamai, amma dai masu karatun da suke hange sa'ad da suke rubutu ba su taɓa jiran damina ko biyan jangali ba. Saboda haka nauyin ɗauko ma'ana daga can a sauke ta a Faskari a kan fasto shi kaɗai ya rataya.

Suna Ma Sharhi Ne

A fassarar 1932 sunan littafin Sulemanu shi ne Misalai. Wannan ba kuskure ba ne, domin kalmar Ibrananci da ke kan littafin, watau mashal, 'yar'uwar kalmar Larabci ce wadda Hausa ta aro ta mai da ita misali. Sai dai a kunnen Bahaushe misali abu ne da ake kafawa don a gane wani abu, ko a yi koyi da shi. Da aka fito da sabuwar fassara a 1979, sai aka sa wa littafin suna Karin Magana, Mai-Wa'azi kuma ya koma Mai Hadishi. Wannan sauyi na kalma biyu ya yi aikin da babban kundin sharhi zai yi, gama ya shaida wa mai karatu irin maganar da ke gabansa.

Kowane Bahaushe ya san karin magana tana da muhallinta. Bakin da ya ce sannu ba ta hana zuwa, shi ne gobe zai ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ba wanda kuma zai ce tsohon ya saɓa wa kansa. Haka littafin yake: a sura ta 26, aya ta 4 ta hana a tanka wa wawa, aya ta 5 kuma ta ce a tanka masa, an jera su kafaɗa da kafaɗa da gangan. Hikimar tana wajen sanin wadda ta dace da lokacin.

Malaman Turai sun daɗe kafin su iso nan. A 1924 Adolf Erman ya nuna cewa wani sashe na littafin, daga sura ta 22, ya yi kama ƙwarai da wasiyyar wani Bamisire na dā mai suna Amenemope. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa a fadar sarki da makarantun magatakarda aka tsara hikimar. A 1993 kuwa F. W. Golka ya gwada karin maganar Isra'ila da ta Afirka, ya kawo hujja cewa tushen yawancinsu bakin talakawa ne, manoma da makiyaya. A 2006 aka buga sharhin Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya wanda malaman Afirka kimanin 70 suka rubuta, bisa jagorancin Tokunboh Adeyemo, daga baya kuma aka fassara shi zuwa Hausa. Tsakanin fitowar littafin da fitowar wannan sharhi na 'yan Afirka, shekara 74 ke nan.

Ayuba a Ƙasar Faskari

Abin da ya sa zaɓen sharhi ya wuce zancen malamai shi ne halin da wannan yanki ya shiga. Satar shanu da garkuwa da mutane sun tashi ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa, a daren 11 ga Disamba 2020 kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Masifar ba ta tambayi addinin kowa ba.

To, akwai wani irin sharhi da ya yaɗu tare da wa'azin neman arziki, wanda yake ɗaukar kowace karin magana tamkar takardar alkawari: mai ƙwazo lalle ya wadata, mai adalci lalle ya tsira. In an karanta wannan ga manomin da ya yi huɗa da noman fari da maimai, sa'an nan 'yan bindiga suka hana shi girbi, an ɗora masa laifi ke nan a kan hasara. Alhali kuwa littafin da kansa, a sura ta 13 aya ta 23, ya ambaci gonar matalauci da take ba da amfani mai yawa amma zalunci ya share shi.

Littafin Ayuba kuwa da harin mahara ya buɗe: Sabiyawa suka kora shanun huɗarsa da jakunansa, Kaldiyawa suka kasu uku suka kwashe raƙumansa, aka kashe barorinsa. Abokansa uku suka zo suka yi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kamar yadda ake zaman makoki. Da suka buɗe baki sai suka nace cewa ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai zunubin da ya ɓoye. A sura ta 42 su ne Ubangiji ya tsawata wa. Musulmi da Kirista duka sun san Ayuba da haƙuri, amma a wannan littafi surori masu yawa kukansa ne da neman bahasi. Sharhin da ya tsallake daga sura ta 2 zuwa ta 42, don ya yi saurin kai wa ga dukiyar da aka ninka masa, ya bar mai makoki a hanya. Wannan ne ya sa Gustavo Gutiérrez, limamin ƙasar Peru, ya rubuta nasa sharhin a 1986 yana duban wahalar marasa laifi.

Kammalawa

Daga wannan tarihi, ɗalibi ko ma'aikacin da zai sayi sharhi don kansa ko don ikilisiyarsa yana da ma'auni a hannu. Da farko ya duba ko littafin ya ƙunshi dukkan littattafan da ɗariƙarsa take karantawa, ya kuma san fassarar da aka gina shi a kai, ta 1932 ce ko ta 1979. Sa'an nan ya buɗe sura ta 26 ta Karin Magana ya ga ko marubucin ya gane cewa kowace magana da muhallinta. Daga nan ya ƙidaya shafukan da aka ba kukan Ayuba, ya gwada su da waɗanda aka ba dukiyarsa. Sharhin da ya ci wannan jarrabawa, ko a Landan aka rubuta shi ko a Jos, ana iya karanta shi a gidan makoki a Sabuwa ba tare da an ƙara wa masu gidan ciwo ba.