Shari'ar Scopes ta 1925: Wa Ke da Iko da Abin da Ake Koyarwa a Aji?

A watan Yuli na shekarar 1925, Dayton, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Tennessee ta ƙasar Amurka wanda mazaunansa ba su kai dubu biyu ba, ya cika maƙil da 'yan jarida da masu wa'azi da 'yan kallo. Abin da ya tara su shi ne shari'ar wani malamin makaranta mai suna John T. Scopes, ɗan shekara 24, wanda aka tuhuma da koya wa ɗalibai cewa ɗan Adam ya samo asali daga wasu halittu da suka gabace shi. An saba ba da labarin wannan shari'a a matsayin karo tsakanin addini da kimiyya. Amma wanda ya bi tarihinta zai tarar da wata tambaya ta siyasa a ƙarƙashinta: a makarantar da ake gudanarwa da kuɗin haraji, wa ke da ta cewa kan abin da za a koyar, iyaye masu rinjaye ko masana?

Charles Darwin ya wallafa littafinsa kan asalin nau'o'in halittu a 1859, inda ya kafa ka'idar juyin halitta. Shekaru da dama bayan haka, malaman Furotesta masu yawa a Amurka ba su ɗauke ta a matsayin babbar barazana ba. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne wani salon nazari da ya taso daga jami'o'in Jamus, wanda ke bincikar Littafi Mai Tsarki kamar yadda ake bincikar kowane tsohon rubutu. Domin mayar da martani, attajirai biyu 'yan'uwan juna, Lyman da Milton Stewart, suka ɗauki nauyin buga maƙaloli 90 cikin juzu'i 12 tsakanin 1910 da 1915, da sunan The Fundamentals, wato ginshiƙan aƙida, aka raba su kyauta ga fastoci da malamai. Daga wannan yunƙuri ne masu ra'ayin riƙau suka sami laƙabinsu a 1920. Abin lura shi ne, wasu daga cikin marubutan, irin su James Orr na Scotland, ba su ga laifin yarda cewa duniya ta daɗe ƙwarai ba, ko cewa wasu halittu sun sauya a hankali da ikon Mahalicci.

Abubuwa biyu ne suka sauya yanayin. Na farko shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wasu rubuce-rubuce da suka fito a lokacin, musamman na masanin halittu Vernon Kellogg a 1917, sun bayyana yadda wasu hafsoshin Jamus ke kafa hujjar yaƙi da cewa mai ƙarfi ne ya cancanci rayuwa. Na biyu shi ne bunƙasar makarantun sakandare na gwamnati. A 1890 ɗalibansu kimanin dubu 200 ne. Zuwa 1920 sun kai wajen miliyan biyu. Maganar da a da ake tattaunawa a jami'o'i ta shigo gidajen manoma cikin jakar littattafan 'ya'yansu.

Mutumin da ya ja ragamar adawa shi ne William Jennings Bryan. Sau uku jam'iyyar Demokrat ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, a 1896 da 1900 da 1908, bai yi nasara ba. Ya riƙe muƙamin sakataren harkokin waje daga 1913, ya ajiye shi a 1915 domin yana ganin gwamnati na karkata zuwa yaƙi. A siyasa Bryan ɗan gwagwarmayar talakawa ne: ya goyi bayan ba mata 'yancin jefa ƙuri'a, da harajin kuɗin shiga, da taka wa manyan kamfanoni birki. Tsoronsa shi ne, in aka koya wa yara cewa rayuwa kokawa ce da mai ƙarfi ke kayar da mai rauni, tausayi zai gushe daga zukata. Hujjarsa ta biyu kuwa ta dimokuraɗiyya ce: jama'ar da ke biyan albashin malami suna da haƙƙin faɗa masa abin da ba sa so ya koyar.

A ranar 21 ga Maris 1925 gwamnan Tennessee, Austin Peay, ya sa hannu a kan dokar da wani manomi ɗan majalisa, John Washington Butler, ya gabatar. Dokar ta haramta wa malaman makarantun gwamnati musanta labarin halittar mutum yadda ya zo a Littafi Mai Tsarki, ta kuma tanadi tarar dala 100 zuwa 500. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta sanar a jaridu cewa za ta tsaya wa duk malamin da ya yarda a gwada dokar a kansa. Wasu manyan Dayton suka hango hanyar fito da sunan garinsu, wanda tattalin arzikinsa ya ja baya. A wani kantin magani suka gana da Scopes, ya amince a kai shi ƙara, duk da cewa aikinsa na ainihi koyar da lissafi da kimiyya ne da horar da 'yan wasa, kuma riƙon ƙwarya kawai ya yi wa malamin ilimin halittu.

An fara zama ranar 10 ga Yuli a gaban alƙali John T. Raulston. Bryan ya shiga sahun masu gabatar da ƙara. Clarence Darrow, shahararren lauya wanda bai ɓoye shakkarsa game da addini ba, ya shiga sahun masu kare Scopes. Gidan rediyon WGN na Chicago ya watsa zaman kai-tsaye, abin da ba a taɓa yi wa wata shari'a a ƙasar ba. Alƙali ya hana masana kimiyya ba da shaida a gaban masu taya shi yanke hukunci, bisa hujjar cewa abin tambaya shi ne ko an karya doka. Ranar 20 ga Yuli, da aka mayar da zaman filin kotu a waje, Darrow ya kira Bryan kansa a matsayin masanin Littafi Mai Tsarki. Ya yi ta jero masa tambayoyi: kan Yunusa da kifi, kan tsayuwar rana a zamanin Joshuwa, kan inda Kayinu ya sami mata. A nan Bryan ya amsa cewa kwanaki shida na halitta ba lallai ne su zama na awa 24 ba, suna iya zama zamunna masu tsawo. Washegari Darrow da kansa ya nemi a sami Scopes da laifi domin a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara. Cikin minti tara aka yanke hukunci, alƙali ya ci shi tarar dala 100. Kwana biyar bayan haka Bryan ya rasu a Dayton.

Jaridun manyan birane, musamman alƙalamin H. L. Mencken mai kaifi, sun mayar da Bryan da mutanen karkara abin dariya, kuma wasan kwaikwayon Inherit the Wind na 1955 ya ƙara kafa wannan hoto. Sai dai akwai abin da hoton ya bari a baya. Littafin da Scopes ya yi amfani da shi, A Civic Biology na George Hunter, wanda jihar kanta ta amince da shi, ya jera jinsunan bil'adama daki-daki tare da ɗora farar fata a sama, ya kuma yaba da hana waɗanda ya kira marasa inganci haihuwa. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wa jihar Virginia yi wa irin waɗannan mutane aikin hana haihuwa a kan tilas. Ashe fargabar Bryan ba ta rasa tushe ba. Kuskurensa shi ne haɗa ka'idar kimiyya da mummunan amfanin da wasu suka yi da ita, da kuma zaton cewa yawan ƙuri'a na iya yanke hukunci kan abin da bincike ya tabbatar.

A zahiri masu ra'ayin riƙau ba su sha kaye nan take ba. A watan Janairu 1927 Kotun Ƙolin Tennessee ta tabbatar da dokar, ta soke hukuncin da aka yanke wa Scopes ne kawai domin alƙali ne ya ƙayyade tarar maimakon masu taya shi. Mississippi a 1926 da Arkansas a 1928 sun kafa irin dokar, masu buga littattafan makaranta kuma suka yi ta rage batun juyin halitta. Sai bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957 ne Amurka ta sake fasalin koyar da kimiyya. Tennessee ta soke dokar Butler a 1967, kuma a 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe ta Arkansas da cewa ta saɓa wa tanadin tsarin mulki da ya hana gwamnati fifita wani addini.

A wannan tsakani masu ra'ayin riƙau sun gina nasu makarantu da gidajen rediyo da maɗaba'u, ciki har da Kwalejin Bryan da aka buɗe a Dayton a 1930. Littafin The Genesis Flood na John Whitcomb da Henry Morris, wanda ya fito a 1961, ya yaɗa ra'ayin cewa shekarun duniya 'yan dubbai ne kawai, matsayin da Bryan kansa bai ɗauka ba. Zuwa 1979, lokacin da Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, sun dawo fagen siyasa da ƙarfinsu, amma galibi a inuwar jam'iyyar Rifablikan, kishiyar wadda Bryan ya yi wa takara.

Kotuna sun sake duba batun a 1987 da 2005, kuma a duka biyun sun hana shigar da koyarwar halitta ta addini cikin darasin kimiyya. Da haka doka ta amsa rabin tambayar: rinjaye ba ya ba jiha ikon ɗora aƙida a kan manhaja. Sauran rabin, wato yadda iyaye masu imani za su amince da makarantar da suke biya amma ba su da iko da darasinta, har yau ana jayayya a kansa a tarukan hukumomin ilimi na gundumomin Amurka.