Abin Da Ya Sa Wasu Iyaye Ke Ɗari-ɗari Da Rigakafi

Rigakafi ba baƙon abu ba ne a Arewacin Najeriya. Tun 1924 cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Bukuru, take aikin kare garken makiyaya daga annoba. Duk da haka, a 2003 jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna, bayan shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, Dokta Ibrahim Datti Ahmed, ya yi zargin an gurɓata shi da sinadarin hana haihuwa. Shi kansa likita ne, don haka bai kamata a jingina lamarin ga jahilci kawai ba.

Zargin ya samu gindin zama ne saboda abin da ya gabace shi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a kan yara kusan 200. Aka ba rabinsu Trovan, rabi kuma wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Masaniya Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya ta kuma wallafa littafi a 2010, ta nuna wata tambaya da ke cin iyaye a rai: me ya sa ake bin gida-gida da ɗigo kyauta, alhali maganin zazzaɓin cizon sauro da ke kashe 'ya'yansu sai da kuɗi?

Binciken halayyar ɗan Adam ya ƙara haske. A 1990 Ilana Ritov da Jonathan Baron suka gano cewa mutum ya fi jin nauyin cutarwar da ta biyo bayan abin da ya aikata fiye da wadda ta biyo bayan abin da ya bari. Uwa takan ga gara cuta ta zo da kanta a kan ta miƙa ɗanta da hannunta a yi masa abin da take shakka. A 2014 kuma, Brendan Nyhan da abokan aikinsa suka gwada gyara wata jita-jita game da rigakafin ƙyanda a Amurka. Yarda da jita-jitar ta ragu, amma iyayen da suka fi shakka sai niyyarsu ta kai yara ta ƙara raguwa. Wato hujja kaɗai ba ta sauya zuciya idan ba a amince da mai kawo ta ba.

Abin da ya faru a Kano ya dace da wannan. Jihar ta dawo da ɗigon a Yulin 2004, bayan an kawo shi daga Indonesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, amma ƙwayar cutar ta riga ta fara bazuwa, har daga baya ta kai ƙasashe kusan 20 da suka rabu da ita. A 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamiti, hakimai da masu unguwanni suka shiga aikin. Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. A 2016 aka ga shan inna na daji na ƙarshe a Borno, sannan a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi.