Tarihin Ɗorin Ƙashin Baya

Kowa a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum ya san maɗori. In yaro ya faɗo daga jaki ya karya hannu, sai a kai shi, a ja ƙashin, a jera karare a ɗaure, bayan 'yan makonni ya miƙe. Amma akwai karaya ɗaya da ta gagari maɗoran duniya tun zamanin da, ita ce karayar ƙashin baya. Ga shi kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mutum ya kan faɗo daga kan ɗorawa, mota ta kan kife, kuma a wuraren haƙar zinariya irin su Bagega da 'Yargalma rami ya kan rufta wa mai haƙa yana sunkuye.

Bari mu fara duba ginin. Ƙashin baya gaɓoɓi ne 33 da aka ɗora bisa juna kamar tubala, da guringuntsi a tsakaninsu. Gaban kowace gaɓa shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin jiki, a bayanta kuma akwai kafa wadda laka ke bi ta ciki. In nauyi ya danno mutum yana sunkuye, sai gaban gaɓar ya murƙushe, galibi inda haƙarƙari ya ƙare. In tsagin ƙashi ya taɓa laka, ƙafafu sai su mutu.

Mutanen Masar sun rubuta labarin raunin ƙashin baya wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, har suka ce wanda gaɓoɓinsa suka mutu ba shi da magani. Likitocin Yunanawa su kan kwantar da mutum bisa katako, su ja shi, su danna ƙusumbin. Al-Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, shi ma ya yi bayanin ɗori a littafinsa na tiyata. Duk dai da laluben hannu suke aiki, don ba mai ganin abin da ke ciki.

A 1895 wani Bajamushe, Rontgen, ya gano hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi. Daga nan ido ya buɗe. A 1911 likitoci biyu a Amurka, Hibbs da Albee, suka nuna yadda za a haɗe gaɓoɓin baya su zama ƙashi guda. Daga baya wani likita, Harrington, ya ƙera sandunan ƙarfe masu ƙugiya, sai kuma Roy-Camille na Faransa ya koya wa likitoci ɗaura kusoshi cikin gaɓar kanta.

Hikimar wannan aiki duk magini ya san ta. In tubali ɗaya ya ruɓe a tsakiyar bango, ai tokara ake sawa sama da ƙasa ta ɗauke nauyin. Haka likita ke kafa kusoshi a gaɓar da ke sama da wadda ke ƙasa, ya haɗa su da sanda, nauyi ya ratsa ta ƙarfe ya tsallake mai rauni. Amma ƙarfe aro ne. In ƙashi bai haɗe ba, yau da gobe sandar ma sai ta karye.

A 1984, a garin Amiens na Faransa, Galibert da Deramond suka ɗura wani irin siminti cikin gaɓar wuyan wata mata ta hanyar allura. Yanzu da wannan dabara ake cike gaɓar da ta murƙushe, musamman ta tsofaffi waɗanda ƙashinsu ya yi sakayau. Duk da haka yawancin irin wannan karaya ba ta bukatar wuƙa. Hutu da maganin zafi da rigar tallafe baya su kan isa cikin wata uku, in hoto ya nuna laka ba ta cikin haɗari.

Mu nan Arewa, an buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, a Sakkwato kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.

To, jama'a, ga abin da ya rage namu. Ƙashi yana haɗewa, amma laka in ta tsinke har yau ba likitan da ya iya ɗora ta. Sau da yawa kuwa wajen ɗauka ake ƙarasa ɓarnar. Saboda haka in ɗan'uwanku ya faɗi yana kukan baya, kada ku zaunar da shi, kada ku goya shi a babur, kada a ja shi ko a murza. Ku samo ƙyauren ƙofa, mutum huɗu su ɗaga shi a miƙe, ɗaya na riƙe da kai, ku ɗaure shi da zane, ku nufi asibiti. Allah ya kiyashe mu, amin.