Wasa na Shida a Reykjavik: Ranar da Fischer Ya Sauya Mabuɗi

Tun daga shekarar 1948 kambun duniya na wasan ces, wato darar Turawa, yake hannun 'yan Tarayyar Sobiyet. A 1972 ne Ba'amurke Bobby Fischer ya ƙalubalanci zakaran lokacin, Boris Spassky, a birnin Reykjavik na ƙasar Iceland. Da yake zamanin yaƙin cacar baka ne, duniya ta ɗauki karawar tamkar gwajin ƙarfi tsakanin manyan ƙasashen biyu.

Fischer ya fara da tuntuɓe. Ya sha kaye a wasan farko, ya ƙi halartar na biyu, aka ba Spassky makin. Daga nan ya farfaɗo, har suka yi kunnen doki da maki biyu da rabi kowannensu bayan wasa na biyar.

An yi wasa na shida ranar 23 ga Yuli. Kusan duk tsawon rayuwarsa, in fararen 'ya'ya ne a hannunsa, Fischer yakan buɗe wasa da sojan da ke gaban sarki, takun da ake rubutawa e4. Abin da kowa ya sa ran gani ke nan. Sai ga shi ya tura c4, wasan ya karkata zuwa mabuɗin Gambit na sarauniya, inda mai fari ke miƙa soja ɗaya, mai baƙi ya ƙi ɗauka. Spassky ya zaɓi tsaron Tartakower, hanyar da ya ƙware a kanta matuƙa.

Fischer ya matsa wa sojojin Spassky na tsakiya lamba, a taku na 20 ya tura e4 ya raunana su, sannan ya juya kan sarki. Bayan taku na 41 Spassky ya sallama, ya kuma bi sahun 'yan kallo wajen tafa wa abokin karawarsa.

Mabuɗin kansa ba ya rasa magani. A 1973 Efim Geller, mai taimaka wa Spassky a Reykjavik, ya doke Jan Timman da wata gyara a taku na 14. Abin da ya yi wa Fischer aiki shi ne shammata: bayan wannan rana, ɓangaren Sobiyet ba shi da tabbacin ta inda zai ɓullo. Wasan ne ya sa shi gaba a karon farko, bai kuma sake komawa baya ba har ya karɓi kambun ranar 1 ga Satumba da maki 12½ da 8½.