Murmurewa Bayan Aikin Jijiyoyin Zuciya da Suka Toshe: Nazari kan Jinya, Magani da Motsa Jiki

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin halin da majinyaci yake shiga bayan an yi masa aikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya da jini, inda ta nuna cewa aikin yana gyara gurbin da ya toshe ne kawai, ita kuwa cutar tana nan daram, don haka ɗorewar lafiya ta rataya ne a kan abin da ya biyo bayan sallama daga asibiti.

1.0 Gabatarwa

Jijiyar zuciya takan toshe ne idan kitsen da ake kira kolestarol ya daɗe yana taruwa a bangonta har hanyar jini ta ƙuntata, abin da ke jawo ciwon ƙirji ko bugun zuciya. Likitoci suna da hanyoyi biyu na yin aiki. Ta farko ita ce tiyatar kewaye, wadda René Favaloro ya inganta a Cleveland ta Amurka a 1967, inda ake ciro jijiya daga ƙafa ko ƙirji a ɗinka ta domin jini ya zagaye wurin toshewar. Ta biyu kuwa Andreas Gruentzig ne ya fara ta a Zurich a 1977, wato zura siririn bututu mai balan-balan a buɗa jijiyar, kuma daga 1986 aka soma barin 'yar ragar ƙarfe mai suna sitent domin ta tokare bangon.

2.0 Warkewar Rauni

Wanda aka sanya wa sitent ta wuyan hannu ko matsematsi yakan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu idan babu wata matsala, sai dai ana hana shi ɗaukar kaya masu nauyi na kimanin mako guda, ana kuma duba wurin hujin ko ya kumbura ko yana zubar da jini. Wanda aka tsaga wa ƙashin ƙirji a tiyatar kewaye kuwa yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin ƙashin ya haɗe, shi ya sa ake koya masa rungume matashi a ƙirji duk lokacin da zai yi tari, da tashi daga shimfiɗa ba tare da dogara da hannuwa ba.

3.0 Magungunan Hana Daskarewar Jini

Nan ne haɗari ya fi yawa, domin kafin tantanin jijiya ya rufe ragar sitent, jini yana iya daskarewa a kanta ya toshe hanyar farat ɗaya. Saboda haka ake haɗa asfirin da wani magani kamar kulofidogirel ko tikagirelo, galibi na wata 6, ko wata 12 ga wanda ya yi bugun zuciya, tare da maganin rage kolestarol da ake sha har ƙarshen rayuwa. Majinyaci yakan yanke magani idan ya ji sauƙi ko kuɗi ya ƙare, alhali jin sauƙi ba shaida ba ce ta warkewar jijiya. A ƙasar Hausa akwai ƙarin abin lura, domin yin ƙaho wurin wanzami ko cire haƙori na iya jawo zubar jini mai wuyar tsayawa, haka nan azumin Ramalana yana buƙatar likita ya daidaita lokutan shan magani tun kafin tsayuwar wata.

4.0 Motsa Jiki da Abinci

Shirin farfaɗo da zuciya, wanda a Amurka yakan kai zama 36 cikin kimanin mako 12, ya ƙunshi motsa jiki a gaban ma'aikacin lafiya da ilimin abinci da kula da damuwar da kan addabi majinyata bayan aiki. Inda babu wannan shiri, ana farawa da tafiyar 'yan mintuna a tsakar gida, ana ƙarawa sannu a hankali, tare da barin taba baki ɗaya, da rage gishiri da sinadarin ɗanɗano da man shanu, da riƙe hawan jini da ciwon sukari.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa wajibi ne asibiti ya sallami majinyaci da rubutaccen tsarin magani cikin harshen da yake fahimta, a zaunar da mai jinyarsa a bayyana masa alamomin da ke wajabta komawa asibiti nan take, kamar ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi da zazzaɓi, a kuma yi lissafin kuɗin maganin shekara guda tun kafin a shiga ɗakin aiki.