Daga Dandalin Kura Zuwa Allon Waya: Tarihin Cinikin Kallo

A watan Yulin 2016 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar za ta gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi naira biliyan 3. Kofa ba ta da nisa da Tiga, inda ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam yake tasowa. Kafin watan ya ƙare an soke aikin, bayan malamai sun hau mumbari sun ce abin da za a kawo wa Kano matattarar baɗala ce, inda za a tara 'yan mata ana koya musu rawa da tsiraici. Tsoron nan na gaskiya ne, kuma masu shi ba jahilai ba ne. Sai dai tarihin wannan yanki, in an bi shi a tsanake, yana nuna wani abu da hayaniyar lokacin ta rufe. Nuna jikin mace don a ja ido ciniki ne, mai saye da mai sayarwa gare shi, kuma duk lokacin da aka rufe masa rumfa ba a tanka wa mai saye ba, sai ya koma inda ido ba ya kaiwa.

Masu cewa Indiya ce ko Turai ta koya wa Bahaushe kallon mace sun manta da abin da Kura ta shahara da shi tun kafin zuwan Nasara. Garin marina ne da mabuga. Turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda ake bugawa da shuni har su riƙa ƙyalli, fatake sun yi ta kai su Agadas da sauran ƙasashen Buzaye, kuma shunin da ke zuba a fatar mai sanye da su ado ne abin nema. Sana'ar garin kacokan a kan kwalliyar jiki ta tsayu, ta maza da ta mata. A dandali kuwa, bayan kaka, 'yan mata na fitowa gaɗa da rawar kalangu, samari na liƙi, makaɗi na wasa budurwa da sunanta da siffarta. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa aka buga a 1954, ya yi bayanin tsarance ba tare da ɓoye-ɓoye ba. 'Yan gambara sun san batsa, amada ma ta san ta, kuma duk wanda ya saurari Barmani Choge ya san mata na da nasu zancen jiki idan suka keɓe. Ba zamanin waliyyai ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi rubutu yana sukar cakuɗuwar maza da mata a bukukuwa. Abin da ya bambanta dandali shi ne kowa ya san kowa. Mai rawar 'yar wane ce, mai liƙin ɗan wane ne, akwai sarkin samari, akwai tsofaffi a bakin zaure, kuma idan wata ya faɗi kowa ya watse. Mai kallo shi ma ana kallonsa, kunya tana kan kowane ɓangare.

Sinima ce ta fara raba mai kallo da wadda ake kallo. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, Palace ta biyo baya a farkon shekarun 1950 a cikin birni, kuma 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigo da fina-finan Indiya har suka zama abincin dare na samari. Macen da ke kan majigi ba ta da uba a garin, ba ta da wa, ba wanda za a ji kunyarsa. Ita kuwa macen gari da ta kuskura ta shiga sinima sai a kira ta karuwa, alhali namijin da ke kujerar kusa da ita ya fito yawon shan iska ne kawai. Wannan rabon laifi, wanda aka yi tun ranar farko, shi ne bai taɓa canzawa ba.

Ƙauyukan kudancin Kano sun shigo wannan ciniki ta hanyar ruwa. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, aka tsara kashin farko na aikin a kan hekta 22,000, daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamarsa. Kafin haka rani lokacin fita ne: saurayi ya ɗaure tabarmarsa ya tafi cin rani, gari ya rage tsofaffi da mata. Da ruwa ya shigo magudanai sai abin ya juya. Alkama da tumatir da albasa da shinkafa suka tsayar da samari a gida, suka kuma jawo baƙi 'yan ƙwadago, da dillalai, da direbobin manyan motoci masu lodin kwanduna zuwa Legas. Kasuwar Kwanar Gafan ta zama gari guda a lokacin tumatir. Yaron da a da sai ya jira ubansa ya sayar da gyaɗa kafin ya ga sule, yanzu yana tashi daga gona da yamma da kuɗin guminsa a aljihu, ba mai tambayarsa inda zai kai su. Duk inda aka tara maza da yawa nesa da iyalansu, da kuɗi a hannu da dogon dare, masu sayar da nishaɗi za su biyo, kuma sun biyo: mai shayi, mai tsire, mai gidan kallo da janareto da labulen buhu a ƙofa, da waɗanda Hisba ta sha kai wa samame a kasuwar. Ba wani darakta a Kano da ya ƙirƙiro wannan kwastoma. Samunsa ya yi yana jira.

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa na kaset bai da rawa irin wadda aka sani daga baya. Littattafan soyayya na kasuwar Kano, irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, damuwarsu auren dole ce da kishi da zaluncin miji. Bayan fim ɗin Sangaya ya yi kasuwa a ƙarshen shekarun 1990 sai 'yan kasuwar kaset na Bata da Ƙofar Wambai suka gane cewa waƙa ce ke sayar da fim, kuma hoton da ke jikin kwali ne ke sayar da waƙar. Su ne masu zuba jari, su ne masu cewa a ƙara waƙa uku, a matse riga, a sa sabuwar fuska. Yarinyar da ke gaban kyamara ita ce mai mafi ƙanƙantar kaso a cikin kuɗin, kuma ita kaɗai jama'a ke iya nunawa da yatsa. Namiji ma bai tsira ba, sai dai nasa tallan daban ne. Ba ƙirjinsa ake nunawa ba, motarsa ce da shaddarsa da falon gidansa. Fim bayan fim ana karantar da saurayin Bunkure cewa wanda ake so shi ne mai mukulli a hannu, ana karantar da budurwa cewa farar fata da diri su ne jarinta. Kasuwar man bilicin da tsadar lefe ba fim ne ya haife su ba, amma ya yi musu renon da ba a taɓa kai shi kotu a kansa ba.

Sai hukuma ta shigo. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, sannan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. A wannan shekarar ce wani bidiyo na sirri na wata 'yar fim da wani namiji ya fita daga waya ya bazu. Ba fim ba ne, ba kamfanin da ya shirya shi, ba a sayar da shi a kwali ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, kuma kowane hannu da ya tura shi hannun mai kallo ne. Duk da haka masana'antar aka rufe na tsawon watanni, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa Bahaushiya, aka ɗaure Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyantama a 2008. Sunan yarinyar ya zama abin zagi a bakin yara, sana'arta ta mutu nan take. Sunan namijin kuwa mutane ƙalilan ne za su iya tunawa yau, kuma dubban da suka kalla suka tura ba wanda ya kira su komai.

Za a ce ai ga maza nan an ɗaure, ina rashin adalcin? Gaskiya ne an ɗaure su, wasu ma ba bisa ƙa'ida ba. Amma sun fito sun koma bakin sana'a, tauraronsu ya ƙara haske, ba wanda ya hana su aure ko ya goranta wa 'ya'yansu. Hukuncin namiji yana da ranar ƙarewa. A watan Oktoban 2016, watanni kaɗan bayan soke aikin Kofa, ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori 'yar fim Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. Mutum biyu ne a rungumar, ɗaya ce ta rasa wurin cin abincinta a Kano. Za a kuma ce tacewa ta yi aiki, tunda yau ba a taɓa juna a fim ɗin Hausa, kuma shirye-shirye irin Daɗin Kowa da Labarina sun nuna ana iya riƙe jama'a da labari ba da rawa ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, na kuma yarda da ita. Amma a lura da inda nasarar ta samu: a wurin da akwai kamfani mai suna, da ofis, da rajista, da mutumin da za a kira ya zo ya amsa tambaya. Tacewa tana cin nasara ne a kan abin da ke fili. Wannan kuwa hujja ce ta gina wuri irin Kofa, ba ta rushe shi ba.

Manomin Kadawa ya san idan aka toshe ruwa a babbar magudana ba a rage shi daga sama ba, ɓarkewa yake ta gefe ya shiga gonar da ba a nufa ba. A shekarun da ake faɗa da kaset, wayar salula, wadda ta shigo Najeriya a 2001, tana ta sauka farashi. Gidan kallo, duk da muninsa, yana da ƙofa da mai gida, kuma uba na iya leƙawa ya jawo ɗansa da kunne. Gidan kallon ya mutu, ko ya koma nuna ƙwallon Turai. Wanda ya gaje shi shi ne mai shagon caji da ke tura fina-finai a memori kan kuɗi kaɗan, Indiya-Hausa da na Hausa da waɗanda ba a ambata suna, sannan data ta zo ta kawar da shi ma. A TikTok babu furodusa, babu dillali a Ƙofar Wambai. Yarinya ce da wayarta, da wata na'urar lissafi a wata ƙasa da ke ƙirga daƙiƙa nawa ido ya tsaya a kan hoto ta ƙaro irinsa. Masu tsayar da idon su ne masu aiko da kyauta, su ne kuma sau da yawa masu zagi a ƙasan hoton. Rikicin da ya kai Sheikh Aminu Daurawa ga ajiye shugabancin Hisba a watan Maris na 2024, kafin a sasanta shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya dawo, a kan yadda ake kamen irin waɗannan 'yan mata ya taso. Manyan jiha sun yi ta muhawara a kan yadda za a kama mai rawa. Ba a ji an yi irinta a kan mai liƙi ba.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne macen da ba a taɓa nunawa ba. Shinkafar Kura da ake alfahari da ita, mata ne ke turara kaso mai yawa nata a cikin gidaje, a gaban tukwane da hayaƙi, su shanya, a kai inji. Mata da 'yan mata na cikin masu tsinkar tumatir da sussuka da sheƙa. Akwai masu adashi da ke juya kuɗin da ya fi na mazajensu, akwai zawarawan da ke ciyar da marayu da wannan aiki. Mai sayar da kallo bai ga abin sayarwa a jikinsu ba, mai hana kallo kuma bai ga abin hanawa ba, don haka dukansu biyu suka wuce su. A nan ɓangarorin da ke gaba da juna suka haɗu: kowannensu idan ya ce mace, jikinta yake nufi, wannan ya buɗe, wancan ya rufe. Da an gina aikin Kofa, makarantar koyon rubutun labari da ɗaukar hoto a Bebeji, da malamai a kwamitinta, da ƙofa da mai gadi da rajista, ba za ta gyara zukatan masu kallo ba. Amma da ta iya yaye 'yan yankin da suka san waɗannan mata, suka san a rayuwarsu akwai labarin da ya isa fim. Masu adawa sun ji tsoron otal ɗin da ke cikin tsarin aikin Kofa, kuma da an zauna da su tun farko da ana iya cire shi a bar azuzuwan. Gwamnati ba ta tuntuɓe su ba kafin sanarwa, su ma ba su nemi gyara ba, sokewa suka nema.

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba a kawo su an duba ba kafin a sake su. Masu su sun je sun zauna da hukumar, domin suna da adireshi kuma suna da abin da za su rasa. Su ne mafi kamun kai a duk abin da ke shiga wayar ɗan ƙwadago a Kwanar Gafan, kuma su kaɗai ne takardar hukuma ke iya isa gare su.